Bahaguwa

Ranar Talata, bayan ruwan fari ya sauka,
ina huɗar dankali a gonar da nake haya a Lamingo,
can gindin kerana, inda ƙasa ta fi ja,
garma ta ce ƙwal, ta zille daga hannuna.
Na ɗauka irin duwatsun Jos ne
da ba sa neman izinin kowa kafin su fito.

Na tona da yatsu, na sa ƙarfi na birkice shi.
Ashe a kife yake,
yadda mace ke kife ƙwarya in ta san za ta dawo.
Cikinsa ya lotsa kamar akushi,
santsinsa ya fi na sabulun da ya kusa ƙarewa.
Dutsen niƙa.

Ɗana Tanimu ya ɗauke shi hoto a waya.
Kafin Juma'a sai ga motar jami'a,
Dakta Kachollom da ɗalibai biyar,
da igiya, da turaku, da ɗan buroshi kamar na goge baki.
Suka kewaye mini kunya huɗu.
Na ƙirga buhun da zan rasa, na haɗiye.

Ta ce kada a wanke shi,
wai a ƙofofinsa akwai sauran abin da ya ci,
ko acca, ko dauro, madubi zai faɗa.
Na ce shekara nawa?
Ta ce ba ta sani ba tukuna,
amma tana zaton ya riga kuza, ya riga jirgin ƙasa,
ya riga sunan da muke kiran garin nan da shi.

Nan fa maza suka taru.
Baba Izang mai gonar ya ce na kakarsa ne.
Davou daga ƙetaren rafi ya ce kakar wa?
Alhaji Maikuza ya gyara hula ya ce a bi a hankali.
Kowa na duban dutsen kamar takardar fili,
yana neman hatimin gidansu a jikinsa.
Shi kuwa ya buɗe baki yana kallon sama,
bai ce uffan ba da kowane yare.

Sai ga Gwaggo Tabawa tana dogara sanda.
Rabonta da gona tun ina goye.
Ta ratsa igiya ba ta tambayi kowa ba,
ta durƙusa, gwiwoyinta suka yi ƙara,
ta miƙa hannuwa, ta tura iska, ta jawo,
ta tura, ta jawo.
Ta gyara zama. Ta sake.

Ta ce, bahaguwa ce.
Ku dubi nan, hagu ya fi cinyewa.
Kuma gidan da yawa, wannan rami ba na baki uku ba ne.
Wayyo bayanta.

Dakta ta rubuta.
Maza suka shiga kallon takalmansu.

Mutum shida suka ɗora shi a mota,
aka lulluɓe shi da bargo kamar mai zazzaɓi.
An ce yanzu yana da lamba, da farin fenti,
da gilashin da ya hana hannu kaiwa gare shi,
shi da hannu ne ya yi shi.

Ɗan dutsen dai ba a gani ba.
Sun tankaɗe ƙasa kwana tara, babu.

Jiya da yamma aka ɗauke wuta,
injin niƙan bakin titi ya yi tsit,
robobi suka yi layi, yara suna hamma.
Na wuce su na koma gona.
Gurbin ya tara ruwa, kurciya biyu na sha.

Ban cike shi ba.
Yanzu in na ɗaga garma
a hankali nake sauke ta,
daga ɓangaren hagu nake farawa.